Ranar da Kuɗin Tib Ya Tafi Wurin Makaɗa

Alhamis, da dare.

Bayan na dawo daga sallar asuba na ɗan karya kumallo, sai na fito da keke daga zaure, kuma tun kafin in hau na matsa tayar baya da babban yatsa na ji ta yi laushi. Wannan shi ne karo na uku cikin mako biyu. Na ba ta iska da famfon hannu, na cusa naira 4,000 da na ware domin sayen sabon tib a aljihun gaba, na shaida wa uwargida cewa yau zan rabu da tsohon, wanda faci ya yi wa yawa har ba a gane asalin robarsa. Ta ce, "Maigida, haka ka faɗa makon jiya. Allah ya kiyaye hanya."

Daga gidanmu a cikin birnin Zariya zuwa shagon da nake aiki a Samaru ya kai kilomita 15, kuma idan babu iska a gabana nakan cinye shi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Yau akwai hazo, sanyin hunturu kuma yana shiga yatsu, don haka na bi ta Babban Dodo a hankali, na fita ta Ƙofar Doka, na ratsa Tudun Wada lokacin da masu shayi suke fifita wuta kuma 'yan makaranta suka fara cika bakin titi. Daga gadar Kubanni zuwa PZ hanya takan yi mini daɗi. Shekarun baya abokaina suna yi mini dariya, suna cewa mutum da aikinsa da iyalinsa bai kamata a gan shi yana taka feda kamar mai tallan rake ba, amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, dariyar ta ragu ƙwarai, har biyu daga cikinsu sun zo suna tambayata inda ake samun keken gwanjo mai ƙwari. Abin da ya rage yana ba ni haushi shi ne sunan da aka ƙwace mana: yanzu idan ka ce da keke ka zo, sai a ɗauka Keke Napep ka hau.

Kwangila ita ce wurin da nake tattara hankalina gaba ɗaya. A nan hanyar Kaduna zuwa Kano take haɗuwa da hanyar Sakkwato wadda ke bi ta Samaru ta wuce Funtuwa, kuma tireloli da tankoki da bas-bas da 'yan acaɓa kowa yana ganin shi ne mai hanya. Mai keke ba shi da madubin kirki, ba shi da ƙarfen da zai kare shi, saboda haka da kunne yake tuƙi. Ina iya bambanta kukan tirelar da ta ɗauko kaya da wadda ta sauke, ina jin lokacin da direban bas ya ɗaga ƙafa daga totur domin ya tsaya ba tare da sigina ba, kuma kiran kwandasta yakan gaya mini inda motar za ta karkata tun kafin ta karkata. Duk son da nake yi wa kiɗa, ban taɓa toshe kunnena da waya a kan keke ba, kuma idan na ga yaro yana yin haka a kan wannan titin sai gabana ya faɗi.

A daidai Palladan, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suke shawagi tun da aka kafa ta a 1964, na fara jin wili yana dukan ƙasa. Na lallaɓa har Samaru, na tsaya wurin dattijon da ke yi mini faci a gindin bishiya. Ya zare tib ɗin, ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa, kumfa ta taso daga gefen wani tsohon faci. Ya ce, "Malam, wannan ya gama aikinsa, ko sholisho ya gaji da shi." Na ce, "Baba, sa mini sabo, ga kuɗi." Ya ce girman tayata ya ƙare masa, sai dai in biya ta kasuwar Sabon Gari da yamma. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna faci, ya gargaɗe ni kada in ɗauki kowa a kariya.

Aiki bai bar ni na numfasa ba, domin lokacin miƙa kundin bincike ne kuma ɗalibai sun cika shagon kowa yana son a ɗaure masa nasa kafin azahar. Abin da zan iya tunawa kawai shi ne gardamar da muka yi da yaron shagon, wanda ya ce kalangu kiɗan tsofaffi ne. Na nuna masa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a tsallaken titi, na ce wannan jami'ar ce ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma da kalangu ya same shi. Ya ce wannan ai shi ne ya tabbatar da maganarsa. Ban tashi ba sai dab da magariba, kuma kafin in isa Sabon Gari masu kayan keke sun rufe.

Da ma an gayyace ni ajon ƙanen wani abokina a Tudun Wada bayan sallar isha'i, kuma dalilin da ya sa na ƙudura zuwa shi ne an ce an ɗauko masu kalangu. Irin wannan ya yi ƙaranci yanzu. Yawancin bukukuwa dije ake kira da manyan lasifikoki, ko kuma mawaƙi ya zo da waƙar da ya riga ya buga a situdiyo, a kunna ta, shi kuma ya riƙe makirufo yana bin ta a baki. Ba na raina su, akwai masu murya da azanci a cikinsu, amma waƙar da aka riga aka naɗa ba ta san wanda ya shigo fili ba.

Makaɗan su shida ne: masu kalangu uku, yaro ɗaya da ƙaramin kuntuku yana riƙe musu ƙafar kiɗa, sai mawaƙin da sanƙirarsa, kuma makaɗan su ne 'yan amshi. Na daɗe ina kallon babbansu. Kalangun yana rataye a ƙarƙashin hammatarsa, idan ya matse tsarkiya da damtse fatar ta ɗaure sai murya ta hau, idan ya saki sai ta sauka, kuma da yake maganar Hausa kanta hawa da sauka ce, wanda ya saba yana jin kalmomin da gangar ke faɗa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Na ga an kaɗa wa wani mahauci takensu, mutumin yana tsakiyar gaisawa da jama'a ya saki hannun da yake riƙe da shi ya shigo fili kamar an ja shi da igiya. Sanƙira kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana zagaya kujeru, yana sunkuyawa yana tambayar wane ne wancan, ɗan wane gida ne, mece ce sana'arsa, sa'an nan ya koma ya raɗa wa mawaƙi ko ya ɗaga murya ya yi shela.

Kuskurena shi ne na shigo da keken har gefen fili, saboda ban ga inda zan ɗaure shi hankalina ya kwanta ba. Na hango abokina yana magana a kunnen sanƙira yana nuna ni, kuma kafin in nemi wurin ɓuya sai na ji an ce, "Ina mai dokin ƙarfe? Ga Malam ya iso daga Samaru, dokinsa ba ya cin dawa!" Mawaƙin ya karɓe, 'yan amshi suka riƙa maimaita cewa ba ruwana da layin gidan mai, babban makaɗin kuma ya matse kalangu ya fitar da wani siririn sauti mai kama da ƙararrawar keke, jama'a suka fashe da dariya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na fito na miƙa naira 1,000 a hannun sanƙira, domin tun da aka riƙa gurfanar da mutane a 2024 kan watsa takardun naira, wanda dokar Babban Banki ta 2007 ta hana, na daina liƙi a goshi. Na juya zan koma ke nan sai mawaƙin ya sauke murya, ya kira sunan unguwarmu, ya ambaci kakana da sana'arsa ta dukanci, ya ce jikan masu jima da ɗinkin sirdi ba zai rasa abin hawa ba. Ban san lokacin da hannuna ya sake komawa aljihu ba. Sau uku ya koma.

Na bar wurin sha ɗaya ta wuce. Da yake daren Juma'a ne, na so a ce na dawo da wuri na tsaya ƙofar fada na saurari algaita da kakaki kamar yadda nakan yi tun ina yaro, amma wannan ya riga ya wuce ni. Ina shiga Ƙofar Doka facin Baba ya saki, iskar ta fita gaba ɗaya, na sauka na tura keken har gida, amshin nan na layin gidan mai yana ta yawo a bakina.

Uwargida ta buɗe mini ƙofa, ta dubi tayar, ta dube ni, ta ce, "Maigida, ina sabon tib ɗin?" Na ce an yi mini waƙa. Ta ce tuwona yana cikin kula. Gobe sai na fita tun da duhu in tura keken zuwa wurin mai facin da ke kusa da Babban Dodo, in roƙe shi ya sa mini tib bashi zuwa ƙarshen wata.