Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwalaben Zuwa-zuwa da Hakkin Kaisar

A makon jiya na tsaya a inda aikin dako ya ƙare mini, ga haya ta taru, ga Maman Rifkatu da tsohon ciki. Ƙanin mahaifiyata ne ya ba ni jarka biyu bashi, na kafa tebur a bakin titi a unguwar Yelwa, nan Garwa, na shiga sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba.

Duk ɗan arewacin Kamaru ya san wannan mai. Daga Najeriya yake shigowa, wani a kan babura ta wajen Gashiga, wani cikin kwale-kwale ta Binuwai idan ruwa ya cika. Ba ya bi ta hannun kwastan, ga kuma tallafin mai da ake yi a Najeriya a wancan lokacin, shi ya sa ya yi araha. A lokacin gidan mai na sayar da lita sefa 630, mu kuwa muna bayarwa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Jarina duka bai wuce mazurari, tsumman tacewa da kwalabe ba. Da hantsi sai ka ga man ya yi ja a cikin kwalba, warinsa kuma ya bi ka har kan tabarmar cin tuwo.

Rigimar a majami'a ta taso. Wata Lahadi bayan sujada wani dattijon ikkilisiya ya ja ni gefe, ya buɗe Markus 12:17, inda Yesu ya ce a ba Kaisar abin da yake na Kaisar, ya ƙara da Romawa 13:7 a kan biyan haraji. Ya ce, "Ɗana, zakkar da kake kawowa kuɗin fasa-ƙwauri ce." Ban iya ce masa komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, babur ɗin da ya hau ya zo sujada ranar, ni na zuba masa mai da jajibere.

Da dare Maman Rifkatu ta ce, "Maigida, ai 1 Timoti 5:8 ma a cikin Littafin take. Wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar ba da gaskiya muni. Sai mu ci aya mu ƙoshi?" Ita ma tana da gaskiya, dattijo ma yana da tasa, ni ne a tsakiya.

Na kai maganar gaban Baba Fasto, ina sa ran ko ya wanke ni ko ya kore ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce ayar Kaisar tana nan daram, ba zai goge mini ita ba, amma nauyinta yana kan mai saye kamar yadda yake kan mai sayarwa, kuma rabin masu zama a bencinmu da wannan mai suke zuwa. Sai ya tambaye ni, "Kwalbarka lita ce cikakkiya?" Ya karanta mini Karin Magana 11:1, cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. A sana'armu kuwa algus ba baƙo ba ne: wasu na haɗa kananzir, wasu kwalbarsu ba ta kai lita ba, injin ɗan kilando, wato mai haya da babur, ya lalace, shi da iyalinsa su kwana da yunwa. Fasto ya ce in riƙe wannan tun daga gobe, in kuma riƙa ware wani abu a adashe don in samu hanyar fita. A ganina har yau, wannan ita ce amsar da ta fi wuya, don ba ta bar ni na kwanta da sakakkiyar zuciya ba, ba ta kuma ɗauke tuwo daga bakin yara ba.

Fitar ta zo ta inda ban zata ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya. Kafin mako ya zagayo jarka ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, riba ta tsere, tebura suka fara ɓacewa daga bakin titi. Kuɗin adashen nan da su na sayi buhunan albasa na farko daga Marwa. Yadda damina ta yi da albasar, da abin da ya shiga tsakanina da Kawu a kan bashin jarkokinsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.