Kafin ka sa hular, tambayi ta wa ce

Tun da na bar kamfanin da nake yi wa aikin DJ, ƙannenmu masu tasowa a harkar suke ta turo min tambaya iri ɗaya: shin su ma su nemi abin rufe fuska don sunansu ya fita? Sun ga Marshmello, DJ ɗan Amurka, da farar hularsa mai rufe kai da fuska, sun ga yadda yara ke gane shi ko a hoton riga, sai suka ɗauka sirrin yana cikin hular. Ni kuwa tambaya nake mayar musu. Hular ta wa ce, sunan na wa ne, kuma wa ke riƙe da makullin shafin?

Lokacin da Oga, mai kamfanin, ya kawo shawarar in riƙa rufe fuska, hannu bibbiyu na karɓa. Wanda ya taso a gida irin namu ya san dalili. A wurin mahaifina kiɗa sana'ar maroƙa ce, ko da kwamfuta ake yin sa, kuma a gida abin da aka sani shi ne ina aikin haɗa wayoyi da lasifika a ɗakunan taro. Hular ta ba ni damar tsayawa a gaban mutum ɗari biyar ba tare da tsoron wata gwaggo za ta ɗauke ni a waya ta tura wa dangi ba. Wannan amfani ne na gaske, kuma har yau ba na raina shi. Na san 'yan mata masu hannu a wannan sana'a da ba za su taɓa hawa dandamali ba in ba da rufin fuska ba.

Oga ne ya biya kuɗin ƙera hular. Shi ya zaɓi sunan, shi ya buɗe shafin Instagram da lambar ofis, ta wurinsa ake kama rana, a asusunsa ake zuba kuɗi. Ni nawa shi ne kiɗan. Ni na zauna dare da rana ina ɗora kalangu da kiɗan ƙwarya a kan amapiano, kiɗan rawa na Afirka ta Kudu, har suka zauna daidai ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Ni na san lokacin da ake sassauta sauti don shigowar amarya, da waƙar da ke tayar da iyaye mata daga kujera su fito liƙi, da wadda in ka sa ta kafin a ci abinci ka kashe taron. Cikin ɗan lokaci sai ga amare daga Kano da Kaduna da Abuja suna cewa in ba mai hular nan ba, a ɗaga ranar dina.

Da Disamba ta matso, lokacin da biki ke bin biki, na samu Oga a ofis na ce, "Yallaɓai, kuɗin da ake caji ya ninka, kasona kuma yana nan inda yake tun farko." Ya yi murmushi ya ce za a duba. Asabar ɗin da ta biyo baya ba a kira ni ba. Ina kwance a ɗaki ina duba waya sai ga bidiyo a shafin: ga hular, ga rigar, ga haɗin kiɗana yana tashi, mutane na ta ihu suna kiran sunan. Wani yaro ne da nake koya wa aiki, wanda yake ɗaukar min jakar wayoyi. An ba shi filashin da na bari a ofis, aka ce ya danna ya riƙa ɗaga hannu.

Washegari na koma. Oga bai ko ɓoye ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, kar ka ɗauki abin da zafi. Hular mutane suke biya. Wa ya san ka?" Abin da ya fi ci min rai shi ne maganarsa gaskiya ce ta wani ɓangare. Babu amarya ɗaya da ta san fuskata. Babu takarda ɗaya da sunana na yanka yake ciki. Ko da zan fito in ce ni ne, sai in fara da tona wa kaina asiri a gida, kuma Oga ya san haka sarai, da shi ya yi lissafinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan na bari ne na koma na bi tarihin mutanen da Oga yake yawan kafa min hujja da su. Daft Punk, Faransawa biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, sun kafa ƙungiyarsu a Paris a 1993, kuma sun riga sun yi suna da kiɗansu kafin su shiga hulunan mutum-mutumi. A 2014 suka karɓi babbar kyautar Grammy a cikin hulunan ba tare da sun ce uffan ba. Da suka ga dama a Fabrairun 2021 suka sanar da rabuwa, hulunan suka tafi tare da su, ba wanda ya isa ya ɗora su a kan wasu yara biyu ya ci gaba da karɓar kuɗi. Deadmau5, ɗan Kanada mai suna Joel Zimmerman, kowa ya san fuskarsa, amma ya yi wa hularsa mai siffar kan ɓera rajista a ƙasashe da dama. Da ya nemi yi a Amurka, kamfanin Disney ya ƙalubalance shi a 2014 cewa ya yi kama da Mickey Mouse, ya tsaya da lauyoyinsa har aka sasanta a 2015. A nan gida ma ga Lagbaja, Bisade Ologunde, wanda ya shafe shekaru a bayan rufin fuska a Legas, kuma in ya busa saksofon ba ka buƙatar ganin fuska ka san shi ne.

Irin abin da aka yi min ma ba sabo ba ne. An sha zargin mawaƙin gambara MF DOOM, wanda ya rasu a 2020, da tura wasu mutane wuraren wasa sanye da fuskarsa ta ƙarfe, masoyansa suka yi ta fushi. Amma ko shi, fuskarsa ce ya ara wa wanda ya so. Duk waɗannan mutane su suka mallaki abin da ke kansu. Wannan ɓangaren ne Oga bai taɓa ambata ba.

Don haka ban ce kada a rufe fuska ba. In za ka sa, ka biya kuɗinta da kanka ko da bashi ne. Ka yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in da hali ka kai tambarin ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Shafin ya zama da lambarka da imel ɗinka. Duk wanda zai nemo maka aiki, ko ɗan uwarku ɗaya ne, a rubuta kasonsa a sa hannu. Kuma kada ka bar filashinka a ofishin kowa.

Sauran darussan ƙanana ne. Hula tana da zafi, a watan Afrilu mutum zai iya sumewa a cikinta. Tana rage ji da gani, kuma DJ ɗin da ba ya ganin ƙarshen ɗaki rabin taro yake yi wa kiɗa. Wasu dattawa ba sa son ganin mai rufaffiyar fuska a bikin 'yarsu, kuma da halin tsaron da ake ciki ba za ka ga laifinsu ba, sai ka nuna fuska ga masu gadi da mai biki tun kafin a fara.

Yanzu da sunana nake aiki, fuska a buɗe. Na zauna da mahaifina na faɗa masa komai, bai ji daɗi ba, amma bai hana ni ba. Aikin bai kai na da yawa ba tukuna, sai dai duk wanda ya kira ni ya san wanda ya kira. Yaron nan yana can cikin hular yana juya tsohon haɗina, don ba a koyon kunne a wata biyu, kuma na ji masu biki sun fara cewa mai hular ya daina kawo sabon abu. Na aika masa saƙo cewa ya nemi takarda tun da wuri. Oga kuwa har yau bai biya ni kuɗin bukukuwan Nuwamba ba, kuma ban yafe ba.