Gudunmawar da na tura ba tare da na faɗi ta wace ce ba

Shekara 14 muka yi ni da wani abokin aikina muna zama a teburi ɗaya a ɗakin malamai, shi yana koyar da lissafi, ni ina koyar da Hausa, kuma ban taɓa ganin ranar da ya buɗe ƙullin ƙosansa bai turo mini rabi ba. Allah Ya yi masa rasuwa a ƙarshen watan Afrilun 2020, a farkon azumi, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ana ta jin rasuwar manyan mutane kusan kullum. Mu kaɗan ne muka samu raka shi maƙabartar Dandolo, kuma ba a yi zaman makoki irin wanda aka saba ba.

Da yake kowa ya san kusancinmu, ni abokan aiki suka ɗora wa tara gudunmawa. Wannan bai ba ni wahala ba, domin har tsofaffin ɗalibansa da ban san su ba sun yi ta turowa, cikin mako biyu aka haɗa naira 420,000. Niyyarmu duka ɗaya ce: abincin mai ɗakinsa har ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sai kuɗin makarantar yara huɗu, uku nasa da kuma 'yar ƙanwarsa marainiya da yake riƙo tun tana goye.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Saboda ba a fita, kuma ina jin nauyin kiran mace mai takaba a kan zancen kuɗi, sai na tura su duka asusun yayansa, na bi da saƙo cewa ga gudunmawar abokan aikin marigayi, Allah Ya jiƙansa. Iyakar abin da na rubuta ke nan. Yayan mutum ne mai amana, bai taɓa ko kwabo ba. Ya ajiye su tare da abin da marigayi ya bari, da aka zo rabon gado kuma aka lissafa da su, aka fara da bashi kamar yadda shari'a ta tsara. Ashe akwai bashi mai nauyi a kansa da ko ni ban sani ba, yawancinsa na hatsi da yake karɓa a Dawanau yana raba wa maƙwabta, da na kuɗin jarrabawar NECO da yake biya wa ɗaliban da iyayensu suka gaza. Bashin ya lashe kusan komai. Ɗan abin da ya rage, matar ta ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, mahaifiyarsa sudusi, wato ɗaya cikin shida, 'ya'yansa suka raba saura, ita kuwa 'yar riƙo ba ta cikin magada, haka ta tashi hannu rabbana.

Da na je na ce, "Yaya, ai kuɗin nan na yara ne," sai ya dube ni ya ce, "Malam, da ka faɗa mini." Malamin da ya yi rabon ma ya tabbatar mini cewa abin da aka bayar bayan mutum ya rasu ba dukiyar mamaci ba ce, na wanda masu bayarwa suka nufa ne, amma sai an bayyana. Layi biyu da sun isa.

Wasu sun yi ta rarrashina da cewa ai an sauke masa nauyi, tunda ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Na yarda da haka, kuma yana sanyaya mini zuciya a wasu darare. Sai dai mutane sun ba ni amana don wata manufa, ni kuma kunya ta sa na kai ta wani wuri. Tun daga lokacin, duk gudunmawar rasuwa da ta bi ta hannuna sai na rubuta sunan wanda aka nufa da ita, na kai da kaina tare da shaidu biyu, na kuma tambayi dangi a fili ko akwai bashi, domin idan akwai a yi masa nasa karo-karon daban.

Yarinyar tana aji biyu na babbar sakandare yanzu, mu huɗu daga ɗakin malamai muke haɗa mata kuɗin makaranta. Mai ɗakin marigayi ba ta taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya, duk sallah kuma sai ta aiko mini da yaran su gaishe ni.