Hotuna Biyar a Marinar Ƙofar Mata

A hutun makaranta da ya wuce, 'yar ƙanwata mai shekara goma sha huɗu ta roƙe ni in ara mata wayata, domin an ce kowane ɗalibi ya kawo labarin wata sana'a ta garinsu cikin hotuna. Na kai ta marinar Ƙofar Mata a nan Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, muka gaisa da masu rini, muka nemi izininsu, sannan na koma inuwa na zauna. Kafin a kira sallar azahar ta ɗauki hotuna fiye da ɗari. Da muka dawo gida muka buɗe su a kwamfuta, sai na ga kusan dukkansu iri ɗaya ne: ramukan rini a jere, daga nesa, ga rana ta take ta kashe launin komai. Na ce mata, "To, ina labarin?" Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, ai komai da komai na ɗauka."

Amsar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Lokacin ƙuruciyarmu, mai hoto yakan zo ranar Sallah da fim mai ɗaukar hoto 36 kacal, kowane dannawa kuɗi ne, kuma sai an yi kwanaki ana jiran a wanko hoton kafin mutum ya san ko ya rufe ido. Saboda haka yakan tsaya ya duba, ya gyara wa wannan hula, ya matsar da wancan, kafin ya danna. Ko kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. Yau yarinya takan ɗauki goma kafin ƙiftawar ido. Ni'ima ce babba, domin yaro zai yi kuskure sau ɗari ba tare da an yi asarar ko sisi ba, amma sauƙin ya tafi da tsayawar nan da ake yi a duba, alhali a cikinta ne ake gano abin da ake son faɗa.

Kafin mu koma marinar, na nuna mata aikin J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoton Nijeriya da ya fara bin kitson mata tun 1968 har ya tara hotuna kusan dubu, da yawansu daga ƙeya ya ɗauke su, babu komai a bayan kan da zai raba hankalin mai kallo. Daga nan na kafa mata sharaɗi biyu. Wayar za ta zauna a jaka har tsawon sa'a guda tana kallo kawai, kuma hotuna biyar za ta miƙa, ba ƙari. Na tuna mata yadda kakarta take yi musu tatsuniya: akwai "ga ta nan ga ta nanku", akwai inda Gizo yake shiga uku, akwai "ƙurunƙus". Na ce ta nemo wa hotunanta waɗannan gaɓoɓi.

Wannan karon da hantsi muka je, lokacin da haske yake zuwa daga gefe yana fito da kowace tamoji a hannun mutum. Ta tsuguna kusa da wani dattijo, tana kallon yadda yake tsoma yadi a ramin da aka haɗa da ruwa da baba da toka, ya ɗago, ya jira, ya sake tsomawa. Can sai ta taso da sauri ta ce, "Kawu, kore yake fitowa!" Gaskiyarta kuwa. Yadin yakan fito daga ruwan baba da launi mai kama da kore, sai iska ta buge shi sannan ya juya shuɗi a kan idonka, kuma yawan tsomawa da ɗagawa shi ke sa shuɗin ya yi duhu. Ranar farko ta yi sa'o'i a wurin ba ta ga haka ba, domin idonta yana kan gilashin waya.

Hotonta na farko farin yadi ne mai ƙulle-ƙullen zare, irin wanda mata suke ɗaurewa a gida domin zane ya fito. Na biyu yatsun dattijon ne, shuɗi ya shige har ƙarƙashin farce. Na uku, wanda ta yi ta jira har ta same shi, yadin ne a sama yana ɗigar ruwa, rabi kore rabi shuɗi. Na huɗu a mabuga ta ɗauka, inda ake dukan yadi da guduma ta itace har ya yi sheƙi.

A kan na biyar muka yi gardama. Ni na so ta rufe da yadin da aka gama, an shanya shi yana kaɗawa, domin a ganina nan ne aiki ya kai ƙarshe. Ita kuwa ta zaɓi wani rami da aka daina amfani da shi, ƙasa da ledoji sun cika shi, ga takalman wani yaro a bakinsa. Ta ce ta ƙirga, ramukan da babu kowa a kansu sun fi waɗanda ake aiki a cikinsu, kuma abin da ya fi tsaya mata a rai ke nan. Na buɗe baki zan nace, sai na tuna cewa idan na zaɓar mata, labarin ya zama nawa, ita kuma ta koyi cewa aikinta shi ne ta gano abin da babba yake so. Na bar mata ramin.

Bayan mako guda muka buga hoto na uku a takarda, ta kai wa dattijon da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira abokan aikinsa su zo su gani, ya sa mata albarka. Yanzu ta koma kan kakarta da saƙar faifai, kuma kwana uku ke nan tana zama kusa da ita bayan la'asar ba ta ciro wayar ba tukuna.