Juma'a a Guangzhou: masallaci, tsire da kasuwar magani

Yau Juma'a, kuma tun jiya na ƙudurta ba zan taka kasuwar sari ba sai na ga garin nan da idona tukuna. Duk wanda na haɗu da shi cikin mutanenmu a unguwar Xiaobei zancensa ɗaya ne, kwantena, kargo, nawa dala ta kai yau, wane ajen ne mai amana wane ne ba shi da ita. Ban ga laifinsu ba wallahi, neman halak ne ya fito da su, amma ni da na zo da jakar goyo ɗaya kuma ba uban kuɗi ne da ni ba, gani na yi asara ce mutum ya keto duniya har Chaina ya koma gida bai san komai ba sai hanyar otal zuwa kasuwa.

Na fito da sassafe gari da ɗan danshi, irin zafin nan mai sa riga ta manne a jiki tun kafin rana ta ɗaga. Karin kumallo a shagon Musulmi na yi shi, su masu taliyar Lanzhou ɗin nan da ake gane su da koren allo da farar hula. Wanda zai zo garin nan ya ajiye hoton alamar halal tasu a waya, ana ce mata qingzhen, domin a wajen shagunan Musulmi alade yana shiga kusan komai, ko ba namansa ba to kitsensa ko romonsa. A gabana yaron ya ja kwaɓin fulawa da hannu yana ninkawa yana ja har ya zama siraran taliya, ya jefa a tafasasshen ruwa, aka zuba romon naman shanu da yankakken farin radish da man barkono. Yuan 15 na biya, kuma da waya, don nan takardar kuɗi ta zama baƙuwa, kowa Alipay ko WeChat, har mai sayar da dankalin hausa gasasshe a bakin titi da ɗan hoton da za ka ɗauka da waya ka biya shi.

Daga nan da ƙafa na taka zuwa lambun Yuexiu, ba a biyan kuɗin shiga. Tsofaffi ne maƙil a ciki, wasu na motsa jiki a hankali a hankali, wasu na rawa da fanka a hannu, wasu na buga wani abu mai gashin tsuntsu da ƙafa. Na hau tudu na ga gunkin awaki biyar da aka sassaƙa da dutse, shi ne tambarin garin, labarinsu wai wasu mutum biyar ne suka sauko a kan awaki da zangarniyar shinkafa lokacin yunwa. Akwai kuma jan benen Zhenhai mai hawa biyar da aka fara ginawa a 1380, yanzu gidan tarihi ne. Ban daɗe ba saboda ina kallon agogo.

Masallacin da na yi Juma'a yana tsallaken titi ne, kusa da lambun furanni, shi ne mutanenmu ke kira masallacin Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Kai jama'a, ban taɓa tsayawa a sahu irin wannan ba. Dama da ni Ba'indiye ne ko Bafakistane, hagu wani tsoho ɗan ƙabilar Hui, cikin Musulmin Chaina, da farar hula da ɗan gemu, gaba Larabawan Yaman, baya ina jin Bambaranci da Faransanci da Hausa irin ta Nijar. Aka yi wa'azi da Sinanci ban ji ko kalma ɗaya ba, amma da liman ya ɗauko Fatiha sai na ji ƙirjina ya cika, hawaye ya zo min ban shirya ba. Yawancin Musulmin nan Hanafawa ne, tsohon nan na kusa da ni ya lura na saki hannu, bayan sallama ya kama hannun nawa da hannu biyu ya yi murmushi ya ce assalamu alaikum da irin lafazinsu, iyakar hirarmu kenan kuma ta ishe ni.

A cikin harabar akwai tsohuwar maƙabarta da wani ɗaki mai ƙubba wanda mutanen nan suka riƙe a kan kabarin Sa'ad ne, suna cewa shi ya kawo Musulunci ƙasar. Ni dai abin da na karanta a gaban malamai shi ne Sa'ad ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, kuma a kan haka nake. Amma wannan bai rage min girman wurin ba ko kaɗan, domin tabbas ne fatake Larabawa da Farisawa sun zo garin nan ta teku tun zamanin daular Tang, sun zauna sun yi aure sun mutu an binne su a nan. Na yi musu addu'a na fito.

A bakin ƙofa na haɗu da wani dattijo ɗan Kano mai sarin atamfa da leshi, ya ji ina waya da Hausa ya juyo. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce ɗana me ka zo sara, na ce Alhaji ba sari ba, yawon buɗe ido na zo. Ya yi shiru ya dube ni, ya ce shi shekara da shekaru yana zuwa garin nan amma ban da wannan masallaci da kasuwa da filin jirgi bai san ko'ina ba. Da na ce masa akwai wani masallacin da ya fi wannan suna a littattafai, cewa ya yi bai taɓa jin labarinsa ba. Abin ya tsaya min a rai gaskiya. Ya ja ni wajen wani ɗan ƙabilar Uigur mai gashin nama ya saya min tsiren rago da gurasarsu mai kauri da suke gasawa a tanderu, na so in biya ya ce haba ɗana, ba a gabana ba. Tsiren ba ƙuli a jikinsa, kammun ne da barkono da gishiri kawai, kuma suna saka kitse tsakanin tsoka da tsoka shi ya sa ba ya bushewa. Ya yi daɗi sosai.

Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 2 sannan na canza zuwa na 1 na sauka a Ximenkou, ƴar tafiya kaɗan sai ga masallacin Huaisheng. In ba an faɗa maka ba za ka wuce shi, ƙofarsa da rufinsa duk irin ginin Chaina ne mai lanƙwasasshen baki, sai ka ɗaga kai ka ga hasumiyar, doguwa zagayayya ba ado ko ɗaya, mita 36. A da kogi ya fi kusa da wurin, jiragen ruwa da ita suke gane sun iso gari. Ana lissafa shi cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar, ruwayar mutanen wurin tana kai shi har shekarar 627. Mai gadi ya tambaye ni ko Musulmi ne, na yi masa sallama ya buɗe min. Ciki shiru, bishiyoyi, rubutun Larabci da aka yi da burushi irin nasu har ya ɗauko kamannin rubutun Sinanci. Nan na zauna har la'asar, ƙafata ta huta ni ma na huta.

Sayayya kuma a titin Shangxiajiu na yi ta, inda benaye suka fito suka rufe hanyar ƙafa ta yadda ko ruwa ake ba zai taɓa ka ba. Ciniki da kalkuleta ake yi a ƙananan shaguna, ta danna ka danna, ka yi kamar za ka tafi ta kira ka. Na saya wa Hajiya mayafi biyu masu laushi da ɗan flas na shayi, sai takalmi ɗaya nawa don wanda na zo da shi ya fara buɗe baki. Na ga abubuwa da yawa da raina ya so amma duk abin da na saya a bayana zan goya shi. Na sha ruwan rake da aka matse a gabana, na kuma gwada baƙin shayin ganyen nan nasu da suke cewa yana kashe zafin jiki, ɗaci kam ba a magana amma na shanye.

Kasuwar Qingping ce ta fi tsaya min. Ta tuna min layin masu maganin gargajiya a kasuwar Kurmi, sai dai nan buhu buhu ne na busasshen naman kaza, saiwoyi, ɓawon lemo, busasshen ɗan kifin nan mai kai irin na doki, abubuwan da ban san sunansu ba. A wani shago na ga wasu baƙaƙen sanduna masu sheƙi a kwali mai kyau, na nuna wa manhajar fassara ta ce min ejiao ne, wato abin da ake dafawa daga fatar jaki. Jikina ya yi sanyi. Ashe nan fatun jakunanmu suke ƙarewa. Na tuna yadda jaki ya yi tsada a ƙauyukanmu har talaka mai ɗaukar taki da ruwa ya kasa saya, Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka ma ta haramta cinikin fatar a 2024. Matar shagon tana ta min murmushi tana nuna yana ƙara jini, ita ba ta san abin da ke raina ba kuma ba laifinta ba ne, amma na kasa tsayawa.

Na haye gada zuwa tsibirin Shamian, inda Turawan Ingila da Faransa suka yi zamansu a da, manyan gidaje da bishiyoyi da amare ana ta ɗaukar hoto. Ban ji wurin a raina ba sosai. Magariba ta yi na hau jirgin ruwan haya a kogin Zhujiang, mai arha ba na ƴan yawon dare ba, na hango hasumiyar Canton mai mita 600 tana canza launi. Ban hau ba, kuɗin tikitin ya fi ƙarfin lissafina na yau.

Yanzu ina kan gadona na sama a masauki, ƙafa ta kumbura, waya na caji. Alhaji ya turo min saƙo ta WeChat wai gobe bayan azahar in zo in raka shi Huaisheng ɗin, shi kuma da safe zai shiga da ni kasuwar Baima kusa da tashar jirgin ƙasa ya nuna min yadda ake duba ɗinki kafin a yi ciniki. Sai na tashi da wuri in wanke riga don ta bushe kafin ƙarfe 9.