Akwatin tuffa daga Shopian zuwa Delhi

Kwarin Kashmir ne ke noma mafi yawan tuffar da Indiya ke samarwa, fiye da kashi biyu cikin uku. A garuruwan kwarin irin su Shopian da Sopore da Pulwama, kuɗin makaranta da na aure da na asibiti duk a jikin bishiyar nan suke rataye. Saboda haka in ana son a ga abin da soke sashe na 370 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya ba jihar Jammu da Kashmir 'yancin cin gashin kai na musamman, ya yi wa talaka, sai a bi akwatin tuffa daga gona har kasuwar Azadpur ta Delhi.

Tun kafin bishiya ta yi fure manomi yake karɓar kafin alƙalami daga dillali, ya sayi taki da maganin feshi. Satumba da Oktoba ake tsinka. A ware ta gwargwadon girma da launi, a jera a kwali ko akwatin katako da ake shimfiɗa wa takarda da haki, sannan a nemi mota. Farashi da neman direba da biyan kuɗi, duk ta waya ake yi.

A daren 4 ga Agusta 2019 aka katse waya da intanet, washegari aka soke sashen. Layukan salula na biyan wata ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba, lokacin da tsinka ta yi nisa. Intanet mai jan ƙafa ya dawo a Janairu 2020, mai sauri kuwa sai Fabrairu 2021. Manomi ya rasa hanyar jin farashin Delhi, ya rasa yadda zai kira dillalinsa. A Oktoban 2019 kuma 'yan bindiga suka kashe direbobi da 'yan kasuwa baƙi a kudancin Kashmir, direbobi suka ɗauke ƙafa. Gwamnati ta sa hukumar NAFED, mai kula da cinikin amfanin gona, ta sayi tuffa kai tsaye, amma kaɗan aka kai mata. Wanda dillali ke bi bashi ba shi da ikon sayarwa inda ya ga dama.

Sai hanya. Babban titin Sirinagar zuwa Jammu, kimanin kilomita 270, shi ne maƙogwaron kwarin. Tsakanin Banihal da Ramban ƙasa na yawan zaftarewa, kuma in ayarin jami'an tsaro zai wuce, sauran motoci jira suke yi. A Satumba 2022 dubban manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye a wajen Qazigund. Yawancinsu ba su da na'urar sanyaya kaya, tuffar sai ta yi laushi, ta isa kasuwa a sayar da ita a wulaƙance. Ɗakunan sanyi na Lassipora ba sa ɗaukar ko rabin amfanin shekara. Jirgin ƙasan da ya haɗa kwarin da sauran Indiya a 2025 zai rage wannan wahala, kuma abin a yaba ne.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne ƙasa. A da, sashe na 35A, wanda ya faɗi tare da na 370, ya keɓe mallakar fili da aikin gwamnati ga 'yan asalin jihar. A 2020 aka ce duk wanda ya zauna shekara 15 zai iya samun takardar zama ɗan wuri, a Oktoban shekarar kuma aka buɗe wa baƙi sayen filin da ba na noma ba. Gona tana da sauran kariya a takarda, sai dai manomi ya san canza matsayin fili sa hannun ofis ne kawai.

Kotun Ƙoli ta amince da sokewar a Disamba 2023. Zaɓen 2024 ya dawo da majalisa, Omar Abdullah ya zama babban minista, amma yankin, wanda aka ƙwace wa matsayin jiha a 2019, bai koma jiha ba, kuma 'yan sanda na hannun gwamnan da Delhi ta naɗa. Manomin da aka tsare wa mota a kan titi zai iya kai kuka ga ɗan majalisar da ya zaɓa, amma ɗan majalisar ba shi da ikon ba mai tsaron hanya umarni.