Atisayen radiyeshan a sansanin sojin sama: inda ake yawan tuntuɓe

A sansani irin na sojin sama da ke Bauchi, ƙananan abubuwa ne za su fi jawo haɗarin radiyeshan: ƙwayar iridiyam-192 da ake ɗaukar hoton walda da ita, tsofaffin agogunan jirgi masu fentin radiyam, ko ƙunshin kayan asibiti da ya fashe wajen saukewa. Daga nan ya kamata atisaye ya fara.

Tun daga nesa ake kunna na'urar Geiger mai auna radiyeshan, a duba batir, a rubuta abin da take nunawa a wuri mai tsabta. Wasu tsofaffin na'urori in radiyeshan ya yi musu yawa sukan cushe su nuna sifili, soja ya ɗauka lafiya lau. A tunkari wurin haɗarin iska tana bayanka. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina sai ta juya, don haka mahaɗar da aka zaɓa a Janairu ba lalle ta yi a Agusta ba.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ce a killace mita 30 in ƙwayar ta fita daga garkuwarta, mita 300 in akwai gobara ko fashewa, sannan a faɗaɗa har bayan duk inda awo ya kai maikrosibat (ma'aunin radiyeshan) 100 a awa. In ka ninka nisa, abin da ke isowa jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ɗaukar ƙwayar da hannu, ko da safa. A Goiânia ta Brazil, a 1987, 'yan gwangwan suka fasa kwanson siziyam-137; mutum 4 suka mutu, aka gwada kimanin 112,000.

Babban kuskure shi ne a bar mai zubar da jini yana jiran wanka. Ceton rai ne gaba. Cire kayan sama kaɗai yana kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar mai radiyeshan da ke jiki. A yanka rigar da almakashi, kada a zare ta ta kai, a sa a leda, a rubuta suna da lokaci. Wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi, ba dirza, don fatar da ta kurje tana buɗe wa ƙurar hanya.

Wajen awon jiki kuwa gaggawa ce ke ɓata aiki. Bakin na'ura ya tsaya kamar santimita ɗaya daga fata, a tafi a hankali, a daɗe kan tafin hannu, fuska da ƙasan takalmi. Lambar wayar NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, kuma ta kasance manne a ɗakin masu gadi tun kafin ranar.